Malama Ta Tafi Jefa Ƙuri'a

Na ce mata, "Malama, kanki ɗaya kuwa?" Da Hausa na faɗa, amma ta gane, don fuskata ba ta iya ɓoye abu ba. Tana tsaye gaban allo a ɗan ɗakin laburaren unguwarmu ta Moss Side a Manchester, ta gama gaya mana za ta yi sati biyu ba ta nan. Wai za ta garinsu ta jefa ƙuri'a ta dawo.

Mu takwas ne a ajin, duk tsofaffi, ana koya mana karatu ranar Talata. Ni rainon jikoki ya kawo ni gidan ɗana likita, na haura sittin ban taɓa riƙe biro ba. Malamar 'yar Taiwan ce, siririya, ko sa'ar autata ba ta kai ba. Da baƙaƙen da ta koya min nake rubuta Hausar nan.

Lokacin kuwa council, wato ƙaramar hukuma, sai rufe wurare take. An rufe wurin wasan yara, an rage kwanakin laburare, an kuma ce duk ajin da aka zo dubawa aka tarar ba kowa, an soke shi ke nan, malamarsa ta nemi wani aikin. Ta san da haka sarai. Ta nemi a ba ta wanda zai riƙe mata, aka ce babu.

Ta yi mana bayani a hankali, rabi da Turanci rabi da zane. Su ba a yi musu zaɓe daga waje, sai mutum ya je da ƙafarsa. Ta zana tsibiri kamar ganyen mangwaro, a gefe ta zana ƙatuwar ƙasa, Chaina, ta ce waccan cewa take su nata ne. Su kuwa da shugabansu, da kuɗinsu, da sojansu. Babanta sai da ya fara furfura kafin a bar shi ya zaɓi shugaba da hannunsa.

Na kai wa ɗana labarin. Ya ce, "Hajiya, it's complicated. Manyan ƙasashe ma ba su ɗauke ta ƙasa ba." Na ce ni dai na ga fasfonta, kore ne kamar nawa.

Abin ya tsaya min a rai. Ni duk zaɓen da na yi a gida, inda maigida ya nuna nake dangwalawa, a ba mu sabulu mu dawo. Rumfar zaɓen a ƙofar gidanmu take, wata shekarar ma ƙiwa ta hana ni fita.

Ranar tafiyarta mota ɗaya muka hau zuwa Birmingham, don daga can jirginta zai tashi, ni kuma zan duba 'yata da ta haihu. Tun ba mu fita Manchester ba ta ɗora min rajistar aji a cinya, wai ni zan riƙe mata ajin. Sunaye takwas, in rubuta in sake rubutawa, mota na girgiza, biro na zillewa. Na ce ba zan iya ba. Ta ce ai na iya tsawa, rabin malanta ke nan. Kwana biyu na yi wa mai jego na juyo, tana ta mita.

Talatar farko kowa sai da na buga wa waya. Wata 'yar Somaliya ta ce ƙafarta na ciwo, na ce ta taho da ƙafar. Talata ta biyu wata mata daga council ta shigo da fayil, ta tarar da ni gaban allo ina sa su karanta kwanakin mako. Ta tambayi ina malama. Na ce, "She go vote. She come back." Ta buɗe rajista, rubutuna duk a karkace. Ta ƙirga sunaye, ta ƙirga mu, ta daɗe tana kallona. Ta ce wannan ba bisa ƙa'ida ba ne, sannan ta sa hannu ta fita. Ba a soke mu ba.

Malama ta dawo idonta jawur saboda tafiya, da filasta a bayan hannu. Na ɗauka ƙonewa ta yi. Na ce, "To, naku ya ci?"

Ta ce a'a, ya faɗi.

Na ce to me ta samo, ta kusa rasa aikinta, ta sha wahalar jirgi a banza. Sai ta ɓare filastar. Ɗan jan hatimi ne, da'ira da kan yatsa zai rufe, ya fara dusashewa. Su ba da yatsa suke dangwalawa ba, da hatimi ne, shi ne ta buga a hannunta ta rufe kar ruwa ya wanke kafin mu gani. Muka zagaye ta mu takwas, 'yar Somaliya har da sa tabarau. Ta ce bayan shekara huɗu za ta koma, in shirya. Ta karɓi rajistarta, ta ce kowa ta buɗe littafi.