Dalmar da Aka Liƙa wa Jirgin Graciete

Duk layinmu na Caxinas, unguwar masunta a bakin teku, babu wanda bai san hannun Graciete Marafona ba. Da shi take magana, da shi take faɗa, da shi kuma take dungure wa mijinta Albino kai in ya daɗe a shagon kofi. Shekara goma sha tara ta yi tana gyaran kifi a kamfanin gwangwani. Da aka rufe shi, sai ta koma wani kamfani a bayan gari, inda ake ƙera jiragen tsere, siraran nan masu cin mutum ɗaya, waɗanda ko atishawa ka yi a ciki sai ka kife.

Matar da ko gwiwarta ruwan teku bai taɓa jiƙawa ba! Mu dai mun samu abin yi. Da ta ɓullo sai mu ce, "Dona Graciete, yaushe za a ɗana mu a jirgin?"

Sai ta ce, "Ran da kuka sauke tumbin nan, malalata."

Aikinta shi ne shimfiɗa baƙin ƙyallen kabon a cikin mazubi, ta shafe shi da gam, ta matse, kafin a kai tanda a gasa. Abu biyu ne ba a so: iska ta maƙale a ƙarƙashin ƙyalle, ko gam ya yi yawa, don gam nauyi ne. Jiragen Graciete sun fi na kowa rashin nauyi. In Injiniya Valdemar, shugaban sashensu, ya ɗora nata a sikeli, sai ya yi fito kawai. Ita kuwa ta ɗauki alli ta rubuta harafin sunanta a ƙarƙashin kujerar jirgin, kamar yadda kowace mai shimfiɗa ke yi.

Asirin bai da yawa. Da injiniya ya ba da baya, sai ta zare safar hannunta ta dama, ta bi ƙyallen da tsurar yatsu. Ta ce da safa, ko kan Albino ba za ta bambance da kabewa ba, balle ta ji iska.

A shekara ta bakwai ƙaiƙayi ya soma. Ƙuraje suka feso tsakanin yatsu, fata ta riƙa tsagewa. Likita ta duba, ta ce, "Dona Graciete, jikinki ya ƙi gam ɗin nan, kuma in ya ƙi, ya ƙi ke nan. Ki bar teburin." Ta ba ta takarda ta kai wa kamfani. Graciete ta ninke takardar ta cusa a gwangwanin sukari, don ta san in injiniya ya gani, sai dai a mayar da ita naɗe jirage da leda, aikin da kowane sakarai zai iya.

Albino ya ce, "Ke matar nan, hannun nan fa babu na canji a kasuwa."

"Kai da naka biyun lafiyayyu, me ka tsinana da su tun da ka bar kamun kifi?"

Sai ga aikin ƙera jirgin Iolanda, 'yar mai burodin layinmu, wadda za ta shiga tseren ƙasa. A gaban Graciete aka haife ta. Graciete ta ce wa uwar yarinyar, "Maƙwabciya, zan yi mata jirgin da za ta ɗaga da yatsa biyu." Kwana uku ta yi a kansa, wannan karon hannu biyu babu safa, tana tatse gam ɗigo-ɗigo. Rana ta huɗu ta tashi idanu sun kumbura sun rufe, yatsu na tsatsar ruwa. Ko naɗe jiragen ma ba ta samu ba, don likita ta ce warin wurin kaɗai ya isa. Aka sallame ta da kwandon furanni.

Wata biyu Albino ne ke sa mata maɓallin riga, shi ke gasa sardin, yana ƙonawa tana zaginsa.

Ranar tsere suka shiga bas har bakin tafkin da za a yi tseren, hannuwanta cikin farar safar auduga. Bai taɓa zuwa mata a rai ba ta je kallo sai ran nan. Ta kutsa rumfar da ake auna jirage, ta tsaya tana jiran fito. Aka ɗora na Iolanda: kilo goma da rabi. Mai awo ya girgiza kai. Nan take kocin yarinyar ya buɗe jaka ya zaro curin dalma, irin wadda Albino ke ɗaura wa raga, ya liƙa a ƙarƙashin kujera, daidai kan harafinta.

Ta ce, "Kai saurayi, me kake yi wa jirgina?"

Ya ce, "Doka ce, Dona. In jirgi bai kai kilo sha biyu ba, ba ya shiga ruwa. Kullum haka muke yi. Mu ma mun fi so, sai mu sa nauyin inda ya yi mana."

"Kullum?"

"Kullum mana. Ba a taɓa gaya muku ba?"

Iolanda ta zo ta huɗu. Graciete ba ta gani ba, tana zaune a bayan rumfa ta ba ruwa baya.

Yanzu a ƙofar gida take wuni. Sau ɗaya wani cikinmu ya ƙara yi mata tsiyar ɗana jirgi, ko ɗago kai ba ta yi ba, shi ya ji kunya. Rannan ta sa Albino ya ɗauko mata dalmar tsohuwar ragarsa. Ta zare safa, ta daɗe tana murza ta da kan yatsu.

Ya ce, "To, injiniya, santsi gare ta ko kaushi?"

Ta miƙa masa. Ta ce, "Kai ka faɗa mini. Ni ba na jin komai."