Dokar Oga Goge

Oga Goge bai taɓa shugabantar komai ba. A makaranta ya nemi monita, aka ba wani. A gida kuwa ko tashar talabijin matarsa ce ke zaɓa. Shagonsa na fotokwafi ɗan tsukut ne, inji ɗaya mai yawan cije takarda da kujerar roba da aka ɗaure wa ƙafa.

Sai malamin da ya buɗe wa unguwar guruf a waya ya tashi daga unguwar, ya bar masa admin, ba don komai ba sai don kullum yana zaune. Abin nema ya samu, matar ɗan sanda ta haifi ɓarawo. Ba albashi, ba wanda ya zaɓe shi, ba kuma inda za a kai ƙararsa. Kafin sati ya rattaba dokoki goma sha ɗaya. Yawan goge saƙon mutane ne ya jawo masa sunan, shi kuma gogan ya ɗauka kirari ne.

Dokar da ya fi ji da ita ita ce ta hana saƙon murya. "Nan ba kasuwa ba ce," in ji shi. Ko saurara ba ya yi, yana gani zai goge.

Can ƙarshen layi, bayan sito, akwai wata tsohuwa mai wanki da mijinta mai hawan jini. Ba ta iya rubutu ba. Kafin 'yarta ta tafi aiki wani gari, ta saka ta a guruf ɗin, ta ce, "Inna, in wani abu ya sami Baba, danna nan ki yi magana, maƙwabta za su ji."

Wata Laraba da rana tsohon ya faɗi a banɗaki. Ta tallafe kansa, ta danna, ta yi magana. Oga Goge ya goge. Ta sake, ya goge. A na uku ya cire ta, ya rubuta, "An cire mutum ɗaya saboda taurin kai." Daɗi ya kama shi har da karkaɗa ƙafa.

Wani mai tasi maƙwabcinsu, da ke cikin guruf ɗin, yana gida a lokacin, waya a hannu, mota a ƙofa. Bai ga komai ba sai alamar an goge saƙo. Kafin tsohuwar ta haƙura da jira, ta ja gwiwoyinta zuwa titi, lokaci ya ƙure. Tsohon ya rayu, amma ɓarin jikinsa ya shanye, bakinsa ya mutu.

Washegari mai tasi ya tsaya a bakin shagon.

"Oga, ka saurari abin da tsohuwar nan ta ce kuwa?"

"Doka ce. In na ɗaga wa ɗaya, kowa ma zai yi."

"Wa ya kafa dokar?"

Oga Goge ya duƙa yana zaro takardar da inji bai cije ba.

A gida matarsa ta ajiye masa abinci ba ta dube shi ba. "Baban yara, ka je ka ba matar nan haƙuri."

Bai je ba, kunyar layin yake ji. Amma abin ya dame shi, kwana biyu yana juya shi a rai, don shi ma yana ganin kansa mai adalci ne. Rana ta uku ya sanar da gyara, ya mayar da tsohuwar guruf, ya ƙara doka ta goma sha biyu:

"Daga yau an yarda da saƙon murya idan larura ce ta gaggawa. Sai dai a fara neman izinin admin a rubuce."