Tsohuwar Manhajar da Ta Tare wa Jikata Hanya

Ban taɓa zama a lakkwal, makarantar boko, ba. Wannan bakina ne ya faɗa, hannun jikata ya rubuta.

Shekarar da ta dawo Matameye daga karatu a Damagaram, aka ɗauke ta aikin gwaji a biro, wato ofishin ƙungiyar manoma. Aka ba ta ordinatar, na'urar nan ta kwamfuta, aka ce ta saka masa sabuwar manhaja, wadda za a riƙa rubuta sunayen masu karɓar iri da ita. Kwana huɗu tana sakawa, abu yana ƙi. Ta dawo gida, ta zauna gaban tuwo har ya huce.

Akwai wani mutum a biron, shi ke riƙe da na'urar kafin zuwanta. Ni na yanke masa cibi ranar da aka haife shi. Shi ne ya bi teburin mai shayi yana cewa yarinya ta kashe kayan jama'a, takardarta ta banza ce. Magana ta kai kunnen shef, shugaban biron, shef ya ce in mako ya cika ba ta gyara ba, ta koma gida.

Rana ta biyar ta gano. Na ce ta faɗa mini yadda zan fahimta. Ta ce cikin na'urar ɗakuna ne, kuma akwai jerin da take bi in an kira wani aiki: ta leƙa ɗakin farko, sannan na biyu, duk inda ta fara samun mai sunan, nan take tsayawa. To ashe tsohuwar manhaja tana nan, sunansu ɗaya da sabuwar, ɗakinta kuma shi ne a gaba. Ko yaushe aka kira, tsohuwar ke amsawa, aiki ya lalace. Sai ta mai da ɗakin sabuwar gaba, abu ya tashi.

Na tambaye ta wa ya sa tsohuwar a gaba. Ta ce mutumin nan ne, da hannunsa, tun bara. Yana zaune kusa da ita kwana huɗun nan, yana kallo. Ta ce a bar shi da Allah. Na ce ita ta bar shi, ni ban bari ba.

Ranar kasuwa na yafa mayafina, na tafi teburin mai shayin. Yana nan, shef ma yana nan. Mutumin ya durƙusa ya gaishe ni, ban amsa ba.

Na ce, "Ɗan nan, wa ya ajiye tsohuwar a ɗakin gaba?"

Ya ce, "Inna, wannan ba zancen tsofaffi ba ne."

"Ka dai faɗa. Ni da na ga ranar da ka zo duniya ba ko wando, ɗakin na'ura ne zai gagare ni?"

Aka bushe da dariya. Shef bai yi ba, ya maimaita tambayar. Mutumin ya ce mantawa ya yi. Na ce bakin da ya manta da wannan bai manta da sunan jikata a kasuwa ba, sai ya wanke ta a nan inda ya ɓata ta. Ya faɗa, kansa a ƙasa. Na ce kunnena ya tsufa, ya ƙara. Ya ƙara.

Jikata tana biron har yau. Shi kuwa in ya gaishe ni, "lafiya" ɗaya nake ba shi. Ban sake tambayarsa mutanen gida ba.