Shanun da Ke Tsallakar da Baba Ajimi

Baba Ajimi wanzami ne a unguwarmu ta Gomari, kuma tun da na yi wayo na san shi da zabira a rataye, yana jan ƙafar hagu. In ya fito daga gida zai je masallaci, sai ka gama shan shayinka bai kai ba. Samari duk sun koma shagon masu inji, an bar masa tsofaffi da jarirai ranar suna. A cikin tsofaffin akwai wanda ba ya wasa da shi, wato Othniel, mutumin Biu, tsohon direban babbar mota, abokinsa tun suna samari. Ɓarin jikin Othniel ya shanye, hannun dama ba ya ɗaguwa, ya kuma rantse babu ƙarfen da zai taɓa fuskarsa sai askar Ajimi. 'Yarsa Margaret ta taɓa kawo masa mai inji har gida, ya juya wa mutumin ƙeya har ya gaji ya tafi.

To, gidan Othniel yana tsallaken babban titi ne, direbobin garin nan kuwa ba sa tsaya wa mutum. Mai keke napep zai hango tsoho a tsakiyar titi ya danna hon, sai ka ce hon ɗin ne zai ƙara wa tsohon ƙafa. Ni da nake da ƙafafu lafiyayyu ma sai na tattare zani na yi bisimilla kafin in ruga.

Amma Baba ya samo dabararsa. Wasu makiyaya Larabawan Shuwa suna fitar da shanu kiwo da safe su dawo da su da yamma, kuma daidai bakin layinmu suke tsallakawa. Saniya ba wanda ke raina ta a titi, don kowa ya san abin da ƙaho ke yi wa gilashi. Duk ranar Asabar sai Baba ya gaida makiyayan, ya shige tsakiyar garke, ya dafa bayan wani farin bijimi, su haye tare cikin natsuwa, motoci sun yi layi ba ko tari. Ya aske abokinsa tsaf saboda mutanen coci da ke zuwa duba shi ran Lahadi, ya ci tuwon Margaret, su wuni suna musu, da yamma shanu su dawo da shi gida.

Sai ci gaba ya zo. Aka hana shanu bin titi, aka zana fararen layuka a wurin, aka kafa allo mai hoton mutum yana tafiya, aka kuma faɗa a rediyo cewa dole direba ya tsaya wa mai ƙafa a kan zanen. Baba ya fi kowa murna. Ya ce mana yanzu ne aka san darajar ɗan Adam.

Asabar ta zo, ya sa hularsa mai kyau, ya tsaya a bakin zanen. Ya ɗaga hannu, ya ɗaga zabira, har rana ta take. Wata baiwar Allah ta taka masa birki, na bayanta suka rufe ta da hon da zagi, wani keke ya zagayo ta gefenta saura kaɗan ya tafi da zabirar. Haka Baba ya dawo gida bai tsallaka ba. Kafin a jima masu keke sun gane wurin ya yi kyau, suka mai da shi tashar lodi.

Na ce masa ya hau keke a zagaya da shi ta shatale-tale. Ya ce shi ba zai hau mota zuwa gidan da yake hango kwanon rufinsa ba, kuma doka ce, direbobin ne ba su ji rediyo ba tukuna. Raina ya ɓaci da taurin kansa, ya fi ɓaci da direbobin. Margaret takan tsallako da gudu ta ce gemun babanta ya cika fuska, ya kuma ƙi kowa. Daga baya ta riƙa fito da shi ƙofar gida a kujera, tsofaffin biyu suna ɗaga wa juna hannu ta saman motoci.

Ranar da Othniel ya rasu, samarin unguwa suka tare titi don motar da ta ɗauko gawarsa daga asibiti ta shiga gida. Kowane direba ya tsaya, wasu har suna leƙowa suna tambayar wa aka rasa. Baba Ajimi ya taka fararen layukan nan ɗaya bayan ɗaya yana jan ƙafa, ba wanda ya danna hon. Na bi bayansa ina kuka, ban ɓoye ba.

A tsakar gida ya tambayi Margaret ko an shirya shi. Ta ce ba tukuna.

"To kawo min ruwan ɗumi, 'yata. Ba zai tafi da wannan ƙasumbar ba, a ce ni ne wanzaminsa."

Ya shiga ɗakin da aka kwantar da gawar, ya zauna a gefen gadon, ya wasa aska a tafin hannu, ya tallafo haɓar abokinsa.

"Direba," ya ce masa a hankali, "yau dai 'yan'uwanka sun tsaya."