Koyil ɗin da na miƙe

Sana'ata naɗin koyil ce, a Madalla: fanka, injin ruwa, janareta. Ni dai in na ga waya a karkace, sai hannuna ya fara ƙaiƙayi. Maigidan da ya koya mini aiki ranƙwashi yake yi a kan haka, kuma ya dasa mini halin har ƙashi.

Ƙanwata ta dawo daga karatun digiri na uku a ƙasar waje da ciwon da ya ƙi jin magani. Idonta ya daina jure hasken kwamfuta, don haka ta roƙe ni ragowar wayar tagulla. Kullum tana tsakar gidanmu a Bagama, tana lanƙwasa zobba tana jera su a jikin tsohuwar tayar keke. Zobban duk a murɗe, ko ɗaya bai yi kama da ɗan'uwansa ba. Na ce a raina, kaico, ciwo ya taɓa mata hannu.

Ranar da aka kwantar da ita asibiti na ɗauko filaya. Kafin la'asar na miƙe su tas, har ina yaba wa kaina.

Da aka sallamo ta, ta daɗe tana kallon tayar.

“Yaya, wa ya taɓa?”

Na ce ni ne, na gyara mata.

Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce samfurin wata na'ura ne, sitelareta, mai riƙe iskar da ta fi cikin rana zafi. Babu tukunyar da za ta ɗauki iskar, sai maganaɗisu ya rataye ta a tsakiya, kada ta taɓa bango. Zobban nan su ne koyil ɗin maganaɗisun.

“In koyil ya miƙe, Yaya, iskar sulalewa take yi gefe ta mutu. Murɗin ne ke riƙe ta. Wannan sabon murɗi ne, na ƙaramar na'ura, ban ma zana shi ba tukuna.”

Ta ce ba komai, in ta ji ƙarfi za ta sake. Ba a yi wata guda ba muka kai ta makwancinta.

Abin yana cina har yau. Na sha zama da tayar ina neman inda yatsunta suka bi, amma na goge ko'ina sumul, don ni ba na aikin rabi da rabi.

Malaminta na can yakan bugo waya. Wai ta gaya masa ta samo wani fasali, a taimaka a ɗauko masa hotonsa, ko ɗaya ne. Nakan ce masa muna kan nema.