Garwashin Da Aka Hana Maƙwabta

A gidanmu wuta biyu ake hurawa. Ta rana tana maƙera, cikin zaure, inda Baba ke dukan ƙarfe ni kuma ina ja masa zugazugi da zarar na dawo daga elemantare. Ta bayan isha'i kuwa tana ƙofar ɗakin Iya Abu, kakata wadda ta haifi Baba. Za ta sa a ɗebo mata garwashi a kasko daga maƙera, ta ɗora ƙirare, mu kewaye ta har da 'ya'yan maƙwabta, ta yi mana tatsuniya. Ƙauyenmu yana gefen Burumburum, daji kusa, in kura ta yi kuka kowa sai ya ƙara matsowa. Ni take fara tsokana kullum. "Ga maigidana nan, gawayi har cikin kunne, cefane kuwa babu. Gobe ka sake ni in auri mai yin wanka."

Shekarar da na gama aji huɗu aka aiko wa dagaci cewa an zaɓe ni zuwa makarantar koyon sana'a, inda ake koyar da aikin kafinta da gini da aikin ƙarfe. Ba wanda ya nemi shawarar Baba. A wancan zamanin in magana ta biyo ta hannun hakimi, sai dai a ce to. Ni kaɗai ne ɗa namiji da ya rayu masa, ƙira kuwa aikin mutum biyu ce, wani na zuga wuta wani na duka. In na tafi, maƙerar da aka gada tun kakan kakana ba ta da mai zuga.

Akwai Tanko, ɗan maƙwabcinmu Malam Isa manomi. Ya girme ni kaɗan, kullum yana bakin zaure yana kallon aiki kamar zai haɗiye masaba. Ubansa ya zo ya gaida Baba, ya ce ga Tanko nan, a ɗauke shi a madadina.

Baba ya ajiye awartaki ya ce, "Malam Isa, ba ƙin ka nake yi ba, Allah ya sani. Ƙira gado ce. Wanda ba jinin maƙera ba, wuta ba ta san shi ba. Ubana bai koya wa bare ba, ni ma ba zan fara ba."

Iya Abu ta ji labari, ranta ya ɓaci ƙwarai. To amma Baba ɗanta ne na fari. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta zama su yi hira, in sun yi kiciɓis a tsakar gida kai take kawarwa. Alkunya ke nan, kuma ita ta riƙe ta da haƙori. Ta yaya za ta ce masa ya yi kuskure?

Daren nan Baba yana cin tuwo bayan zana, ba nisa da mu. Iya ta gyara zama za ta fara tatsuniya, ta ce, "Ga ta nan tafe, ku matsa mata." Muka ce, "Ta zo, akwai wuri." Na lura ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba.

Wai a wani gari mace ɗaya ce ke da wuta, ta gaje ta wurin uwarta. Sauran mutane ɗanye suke ci. In maƙwabciya ta zo da kasko tana roƙon garwashi, sai ta ce, "Wutar gidanmu ce, ba ta san ku ba." 'Yarta kaɗai ke hura mata. Rannan 'yar ta yi tafiya, da dare aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, ɗaki ya yi yoyo daidai kan murhu. Gari ya waye toka ta yi sanyi. Matar ta ɗauki kasko ta bi gida-gida tana cewa a sam mata ko ƙwaya ɗaya. Kowa ya tausaya mata, ba wanda ya yi mata gori, amma ba mai abin ba ta.

"Ai da ta ba ko mutum ɗaya," in ji Iya, tana tona wuta da kara, "da ta sami inda za ta ɗebo. To, tatsuniya ta koma inda ta fito."

Mu yara muka ɗauka da marowatanmu take. Baba ya yi gyaran murya daga bayan zana, ya ce mu tashi mu kwanta, gobe akwai aiki. Bai kuwa aika a kira Tanko ba.

A makaranta na tarar da abin da ya ɗaure mini kai. A benci ɗaya nake da ɗan mahauci daga Kiru, da ɗan malami daga Bebeji, da wani wanda ubansa ke haƙar kuza a Riruwai. Malaminmu bai tambayi kowa ko ɗan wane ne ba. Da farko haushi na ji, kamar ana raba kayan gidanmu a kasuwa. Sai ga ɗan mahaucin nan ya fi ni hannu, wuta kuwa ba ta ƙi shi ba.

Duk hutun da na zo sai in ga maƙera ta ƙara lalacewa. Baba zai zuga da kansa, ya saki ya ɗauki masaba, kafin ya yi duka uku ƙarfe ya huce. Manoma suka gaji da jira, suka riƙa kai garmunansu kasuwar Tudun Wada. Yadda ake fitar da ƙarfe daga tama kuwa, da sirrin gatarinsa da ba ya dakushewa, ya ce sai na yi gemu zai nuna mini, haka aka yi masa. Kafin in gama makaranta zazzaɓi ya ɗauke shi cikin damina. Iya ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Ni kaɗai ta ce wa, "Na faɗa masa da iyakar bakin da nake da shi."

Ni ma malamin aikin ƙarfe na zama, na koyar da 'ya'yan mutane masu yawa, ban tambayi asalin kowa ba. Amma har yau raina bai kwanta ba. Wani lokaci haushin Baba nake ji, wani lokaci na waɗanda suka ɗauke masa ni ba tare da sun leƙa zaurensa ba, wani lokaci na kunyar nan da ta hana uwa ce wa ɗanta kul. Abin da na koyar duk na makaranta ne. Na gidanmu babu wanda ya iya shi a duniya, har da ni.

Bayan na bar aiki na je gida ta'aziyya, na iske Tanko ya tsufa yana gyaran ƙotar fartanya a inuwa. Ya dubi kangon zaurenmu ya daɗe, sannan ya ce, "Malam, da babanka ya koya mini, wallahi da na riƙe muku har ka dawo."