Inna Yelwa da Tukunyar Bango

Duk Nahuce an san Inna Yelwa da aikin wuta. Ita ake kira idan mace ta haihu, ta girka tukunya, ta iza itace, ta yi wa mai jego wanka har a yi arba'in.

Da autarta Juwairiyya ta haihu a unguwar Damba ta Gusau ana tsananin sanyi, Inna ta shiga motar Gusau da ƙullin ganyen wankanta. Ta iske gida ba murhu, ba ko ƙirare. Surukinta Haliru, direban babbar mota, ya durƙusa ya gaishe ta, sannan ya nuna mata banɗaki. Ga wata farar tukunyar ƙarfe maƙale a bango, an fasa siminti an bi da bututu, ko yaɓe ba a gama ba.

"Inna, hita ke nan," in ji shi. "Maɓalli ake dannawa, ruwa ya yi zafi. Ɗaki ma na sa mai ɗumama iska, ba sai an kai garwashi kusa da jinjiri ba."

 Don kunyar suruki, sai da ya fita Inna ta ce wa 'yarta, "Wutar da ba a gani, ta ina ake rage mata itace?"

Washegari da hantsi aka kawo lantarki, Haliru kuwa ya tafi tasha. Juwairiyya ta kunna hitar ɗaki, ta bar jinjiri yana barci, ta zo ta kunna ta banɗaki. Tukunyar ta fara gurnani. Inna tana tara bokiti a famfo sai hancinta ya kama wani ƙauri. Ba na itace ba ne, na roba ne.

Ta leƙa ɗaki. Soket ɗin bango ya yi baƙi, yana hayaƙi yana tartsatsi, ga labule na lilo a kansa, ga katifar jinjiri dab da shi. Ta sunkuci bokitin.

"Inna, kar ki zuba!" Juwairiyya ta ƙwalla ƙara. "Lantarki ne, sai ya kashe ku duka!"

Inna ta sandare. Ita da wuta ba ta taɓa ba ta tsoro ba, yau ta rasa ta yi. Bakin labule ya kama. Ta dire bokitin, ta ambaci Allah, ta faɗa cikin hayaƙin, ta suri yaron ta cusa shi cikin zanenta. Juwairiyya ta ja jiki da ɗanyen jego zuwa zaure, ta sauke babban maɓallin lantarkin gidan. Tartsatsin ya tsaya. Inna ta miƙa mata yaron, ta koma ta fizgo labulen, ta turmushe shi da ƙasar tsakar gida.

Yaron ya yi shiru. Suka zuba masa ido, ba mai numfashin kirki, har ya yi tari ya tsala kuka. Nan Inna ta zube ƙasa.

Da la'asar Haliru ya zo da Mannir, mai aikin wutar da ya sa hitar. Mannir ya zaro wayar da ta narke.

"Maigida, ai na ce ka dakata. Tsohuwar waya ba ta ɗaukar su biyu. Kowace sai an ja mata tata mai kauri."

Haliru ya sunkuyar da kai. Haihuwar ce ta zo kafin lokaci, ya yi gaggawa.

Kafin a gama jan sabuwar wayar, murhu Inna ta aro a maƙwabta. Da aka gama, ta sa Mannir ya nuna mata inda ake kashe komai, ta gwada da hannunta har ta iya. Da ruwan tukunyar bangon ta ƙarasa wankan jegon, amma kullum aka kunna, tana zaune a bakin ƙofa da jikanta a baya.